Masu Yarda Da Masu Ƙin Gwajin Magani

Duk maganin da muke karɓa a asibiti, ƙwaya ce ko allura ko ɗigon baki, sai da aka gwada shi a jikin waɗansu mutane kafin ya iso gare mu. In masana sun gama da ɓeraye a ɗakin bincike, tilas ne su nemo 'yan Adam su ba su, su zauna su ga abin da zai faru. Waɗannan mutane kuwa 'ya'yan wasu ne, suna da iyaye da ƙanne kamar ni da kai. Wata rana aka yi musu sallama aka tambaye su, suka ce sun yarda. Maƙwabtansu kuma da aka tambaya suka ce a kai kasuwa. To, abin da nake so mu duba ke nan, ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, watau me ke sa wani ya miƙa hannun ɗansa, wani kuma ya ja nasa ya shige gida ya rufe ƙofa.

Bari in fara da yadda ake gwajin, don da yawa daga cikinmu jin sa kawai muke yi. In ana so a san ko sabon magani yana aiki, sai a tara mutane a raba su kashi biyu. Kashi ɗaya a ba su sabon, ɗaya kashin a ba su tsohon maganin da aka sani, ko kuwa wani abu mai kama da magani wanda ba ya komi. Ƙuri'a ce ke raba su, likita ba shi da ikon zaɓe. Sau da yawa ma shi kansa likitan bai san wa ya sami wanne ba sai an gama, don kada son zuciya ya shiga lissafin. Akwai kuma irin binciken da ba a ba kowa sabon abu, sai dai a riƙa ɗibar jini ko majina ana dubawa, ana ƙirga wa ya kamu, yaushe, kuma a wace unguwa.

Irin wannan na biyun ne ya zo unguwarmu lokacin ina aji ɗaya. Mai unguwa ya sa aka yi shela, magidanta suka taru a ƙofar gidansa bayan La'asar. Baƙin suka ce zazzaɓin cizon sauro suke bincike. Suna son yara 'yan ƙasa da shekara biyar, za su riƙa zuwa wata wata har shekara guda suna tsaga ɗan yatsa su ɗauki ɗigon jini, kuma duk yaron da ya shiga, in zazzaɓi ya kama shi a kai shi wurinsu su duba shi su ba shi magani kyauta. Gidanmu babban gida ne, sashen mahaifina daban, na Baffa, wansa, daban, amma zaure ɗaya muke shiga. Mahaifina ya sa hannu aka rubuta ƙanena. Baffa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa yatsan 'ya'yansa.

Da dare na ji su a zaure ina kawo musu shayi. Mahaifina ya ce, "Yaya, ai ba magani za su ba su ba, jini kawai za su duba." Baffa ya ce, "Haka ake farawa. Kai yaro ne lokacin sanƙarau, ni kuwa da idona na ga layin da aka yi a asibiti."

Wanda bai san abin da Baffa ke nufi ba zai ce jahilci ne. Ni ban ce ba, kuma ina roƙon mai karatu ya dakata ya ji. A shekarar 1996 aka yi annobar sanƙarau wadda Arewa ba ta manta ba. A Nijeriya kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara. Ana cikin wannan hali sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara wajen 200, rabi suka ba su Trovan, rabi suka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi da kurumta, waɗansu da shanyewar jiki. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi wannan ɓarna, don sanƙarau da ma haka yake yi, ya kuma ce an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce sam, ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin nan ɗin akwai likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ba da maganin da aka saba da shi kyauta.

Maganar ta kwanta har ƙarshen 2000, sa'ad da jaridar Washington Post ta tono ta. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 aka fara biyan iyalai, aka ba gida huɗu na farko dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don a tabbatar 'ya'yansu ne. Ku lissafa da kanku, shekara 15 ke nan. Yaron da aka goya zuwa asibitin a 1996, in ya rayu, ya isa zama ɗan aji shida kafin kwabo ya shiga hannun kowa. Shi kuwa Trovan, a 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka, aka dakatar da shi a Turai, saboda yana lalata hanta.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsumman da aka guda kuwa ya jawo mana hasara babba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa, kuma masu wannan magana suna kafa hujja da Trovan. Rigakafin shan inna ba gwaji ba ne, an daɗe ana ba yaran duniya, amma wa zai tsaya bambancewa? Sai a watan Yulin 2004 aka koma, bayan an kawo na ƙasar Indunusiya. Sanadiyyar haka cutar ta bazu ta shiga ƙasashe da dama, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. Ba a tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ba sai a watan Agustan 2020. Kada kuma wani ya ɗauka mu kaɗai muke da irin wannan tabo. A garin Taskigi na Amurka, daga 1932 har 1972, likitocin gwamnati sun zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ido ba su ba su magani ba, don kawai su ga yadda ciwon ke cin mutum, alhali an sami maganinsa tun ana tsakiyar binciken. Har yau jikokinsu na ɗari-ɗari da masu farar riga.

Wannan shi ne babban dalilin masu ƙi, amma akwai ƙanana da ba a faɗa a gaban mai unguwa. Na farko jini. Mutanenmu ba sa wasa da jini. Kakata, wadda muke kira Iya, ta ce yaron da ko tuwo bai ƙoshi ba ina ya ga jinin bayarwa, kuma wa ya san inda ake kai shi? Malamin kimiyyarmu ya gaya mana cewa jikin babban mutum na ɗauke da jini wajen lita biyar, abin da ake ɗiba a yatsa kuwa bai kai rabin ƙaramin cokali ba, kuma jiki na mayar da shi. Na kai wa Iya wannan bayani, ta ce to shi malamin ya ba da nasa. Rabin tambayarta dai ba a amsa ba. Ina ake kai jinin, shekara nawa za a ajiye shi, wa zai taɓa shi bayan an gama? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma haƙƙin masu bincike ne su amsa ta tun ba a yi ba.

Sai takarda. Shafi huɗu aka kawo, an juya ta da Hausa, amma irin Hausar nan da in ka karanta sai ka koma Turancin don ka gane. Wanda bai yi boko ba sai a ce ya dangwala yatsa. To, a wurin dattijo irin Baffa, dangwala yatsa abin kotu ne da cinikin gona da karɓar bashi. Ka ce masa ya dangwala a kan ɗansa, sannan ka ce masa ba komi ba ne? Akwai kuma matan aure da ke so amma ba su da iko. Matar Baffa, wadda muke ce wa Umma, ta so ƙwarai a rubuta autanta, don duk damina sai ya kwanta. Na ji ta tana ce wa mahaifiyata, "Ni dai da Malam zai yarda, ko don maganin nan na kyauta." A takardar baƙin an rubuta gidan Baffa cikin waɗanda suka ƙi, alhali rabin gidan na so.

Maganar Umma ta kawo mu ga masu yarda. In za a faɗi gaskiya, yawancin waɗanda suka sa hannu a unguwarmu ba don kimiyya suka sa ba. Likita suka gani a ƙofar gida, wanda in da asibiti za su sai sun yi sammako sun yanki kati sun bi layi, sannan a rubuta musu maganin da za su saya a kemis. Ga gidan sauro an raba, ga kuɗin mota in an kira ka. Mahaifina bai ɓoye ba, ya ce shekara guda ba zai sayi maganin zazzaɓi ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma abin yana damuna ta wani gefen. In mutum ba shi da wata hanyar ganin likita sai ta shiga bincike, yardarsa ta zama kamar ta mai jin ƙishirwa da aka ce ga ruwa amma sai ya sa hannu. Iyayen da suka bi layi a 1996 da yara a kafaɗa wuyansu ya sanƙare, ko da an karanta musu takarda shafi goma, wa zai ce a'a a wannan hali? Don haka nake ganin bincike a wurin matalauta ya fi bukatar a sa masa ido fiye da na ko'ina, ko da masu yin sa mutanen kirki ne.

Akwai masu yarda don an ga wane ya yarda. Da liman ya rubuta jikansa, gida bakwai a layinmu suka bi. Akwai masu jin kunyar mai unguwa. Waɗannan ba su daɗe ba, wata uku suka fara cewa yaron ya tafi ƙauye.

Amma akwai waɗanda dalilinsu ya fi wannan nauyi, su ne kuma suka sa na ɗauki alƙalami. Gwaggona ta binne 'ya'ya biyu, ɗaya zazzaɓi, ɗaya gudawa, duk ba su kai yaye ba. Ita ce ta fara kai 'yarta, tun mijinta bai gama karanta takardar ba. Da Iya ta yi mata faɗa sai ta ce, "Iya, waɗancan biyun ba wanda ya ɗebi jininsu, ga shi suna ina?" Ba ta ƙara ko kalma ba, Iya ma ba ta ƙara ba. Wata 12 ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Irin su Gwaggo ne suka cika wani gwaji da aka yi nan kusa da mu, a Madarunfa ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, Hausawa 'yan'uwanmu. Daga 2014 iyaye mata suka kawo jarirai fiye da 3,500 aka gwada wani ɗigon rigakafin gudawar yara, wadda ƙwayar rota ke kawowa. Kamfanin Serum na Indiya ya yi shi, kuma abin da ya bambanta shi shi ne yana jure zafi, ba lalle sai an ajiye shi a firiji kullum ba. Duk wanda ya san ƙauyukanmu da halin wutar lantarki ya san darajar wannan. Aka ba rabin jariran ɗigon sau uku, rabi aka ba su na banza. Da aka fitar da sakamako a 2017, jarirai 31 ne suka yi gudawa mai tsanani cikin waɗanda suka sami na gaske, 87 cikin waɗanda suka sami na banza. Watau ya rage ta da kashi biyu cikin uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ku dubi lambar nan ta 87 da kyau. Uwayen waɗannan jarirai sun yi ta tafiya a ƙasa suna kai su awo, ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, amma ba don su ba da ba a san ɗigon na aiki ba. Su ma an yi musu jinya kyauta da suka kwanta, haka ƙa'ida ta ce.

Shi kansa sanƙarau ɗin da ya tsorata Baffa, gwaji ne ya karya shi. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disambar 2010, ta iso Arewacin Nijeriya a 2011, sai da aka gwada ta a jikin mutanen Indiya da yaran Mali da Gambiya da Senigal da Gana. Nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi kisan 1996, yanzu da wuya a ji ɗuriyarsa. Wanda ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ne, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar, wadda ita ma a Mali da Gambiya aka gwada ta. 'Ya'yan Baffa manya duk an yi musu ta 2011 a makarantar firamare, da yardarsa kuwa, don ya ce wannan an riga an gwada ta. Na so in tambaye shi a jikin 'ya'yan wa, amma ba a yi wa Baffa irin wannan tambaya.

Ba kuma kowane bincike ke ƙarewa da nasara ba, wannan ma ya kamata a gaya wa mutane tun farko. A ƙasar Garki, wadda da take jihar Kano yanzu kuwa Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi aiki daga 1969 zuwa 1976 suna fesa maganin sauro a ɗakuna, suna raba ƙwayoyi, suna ɗibar jinin mutanen ƙauyuka a kai a kai. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Duk da haka littafin da aka buga a 1980 kan wannan aiki har yanzu masana zazzaɓin cizon sauro na duniya suna komawa gare shi. Manoman Garki da suka miƙa yatsunsu shekara da shekaru, ban sani ba ko akwai wanda ya koma ya karanta musu ko shafi ɗaya.

Abin da ya faru a unguwarmu ke nan. Shekara ta cika, baƙin suka yi godiya, suka raba sabulu, suka tafi. Ƙanena yanzu yana aji uku a firamare, har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gani a jinin yaran unguwar nan. Baffa kan tambayi mahaifina lokaci lokaci, "Ina sakamakon?" Mahaifina sai ya yi dariya ya sake magana. A ganina wannan ya fi jita-jita ɓata sunan bincike, don jita-jita ana iya ƙaryata ta, wannan kuwa kowa ya gani. Mai unguwan da ya tara mutane da za a fara yana nan, ƙofar gidansa ma tana nan, yini ɗaya ya isa a zo a yi bayani.

Tun 2007 Nijeriya ke da dokokin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, da kwamitin da ke kula da su, kuma ba a gwada sabon magani sai da izinin hukumar NAFDAC. Bisa waɗannan dokoki, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, dole a gaya maka haɗarin da ke ciki, kana da ikon ƙi ba tare da an hana ka maganin da ya kamace ka ba, kana kuma da ikon fita ko da ka riga ka sa hannu. Iyayenmu da yawa ba su san da wannan na ƙarshen ba, shi ya sa masu son fita suke fakewa da tafiya ƙauye.

Mu 'yan aji biyar da shida, baɗi ko baɗin waccan za mu cika 18, takardar kuma a gabanmu za a ajiye ta. Kafin nan ma mu ne ake kira daga cikin gida a ce zo ka karanta mana. Ni dai na yanke shawara in an zo mini zan saurara, kuma mai yiwuwa ne in shiga, saboda Gwaggo. Amma sai an gaya mini wane kwamiti ya ba da izini, in ga takardar da kwanan watanta. Sai an gaya mini wa zai biya kuɗin asibiti in abin ya cuce ni, da inda za a kai jinina, da ko maganin zai zo kemis ɗin unguwarmu a farashin da mahaifina zai iya saya in ya yi kyau. Zan kuma nemi a rubuta mini ranar da za a dawo da sakamako, da lambar wayar wanda zan kira in ranar ta wuce.